Filon da Na Zare wa Dogo

Kwana tara inji ya yi yana yi wa Dogo numfashi. Dogo babban ɗana ne, kafinta mai rufin kwano, shekara arba'in da shida, 'ya'ya biyar. Sanyin ƙirji ne ya kama shi, ya raina abin, ya ci gaba da hawa rufin mutane da zazzaɓi a jikinsa, har ranar da abokan aikinsa suka sauko da shi a kafaɗa. Daga nan sai asibiti, sai ɗakin nan na kulawa ta musamman, hawa na biyu, can ƙarshen baranda.

Gado shida ne a ciki. Sanyi kamar ka buɗe firji ka cusa kai. Kowane gado da allonsa a sama, yana ta ƙara, layuka na tsalle a jikinsa. Ba a shiga sai ƙarfe huɗu na yamma, awa ɗaya, mutum ɗai-ɗai. Ka wanke hannu har gwiwa, ka ɗora rigarsu a kan taka, ka rufe hanci. Ni da matarsa muke raba awar. Ni nake fara shiga, don ni na riga ta saninsa.

Rana ta uku na shiga na tarar an kifa min ɗa rub da ciki, fuska na kallon bango, hannu ɗaya a sama kamar mai iyo. Na nemi babbar nas ɗin ɗakin, wata mai tabarau da ba ta ɗaga murya.

"Sista, wa ya kifa shi?"

"Mu ne, Mama. Mu biyar muka taru a kansa."

"Mutumin da numfashi ya gagara a rigingine, a kife ne zai samu?"

Ta ce huhu ya fi faɗi ta baya, in mutum ya kwanta a kansa sai ya danne, in an kifa shi sai bayan ya buɗe iska ta shiga. Ta nuna min wata lamba a allon, wai tun safe take hawa. Ni ban san lamba ba. Na ce to. Amma na ajiye abin a raina, don ni ba na mantuwa, alheri aka yi min ko akasinsa.

Bayan sun daina kifa shi ma ba su bar shi ya sarara ba. Kullum na zo a wani ɓarin nake samunsa. Yau dama, gobe hagu. Filo a baya, filo tsakanin gwiwoyi, filo a ƙarƙashin ƙwauri har dunduniya na reto a iska, kan gadon kuma a ɗage. Matarsa ta ce min duk bayan awa biyu ake juya shi. Na ce wannan ai ba jinya ba ce, wahala ce. Mara lafiya hutu yake so.

Ni fa ba baƙuwar jinya ba ce. Maigidana, babansu Dogo, wata bakwai na yi ina jinyarsa a gida bayan ɓarin jikinsa ya shanye. Katifa mafi laushi a gidan ita na shimfiɗa masa. Ko ƙuda ban bari ya sauka a kansa ba. Ban yarda kowa ya motsa shi ba, ni nake goge shi a yadda yake, in shafa masa mai, in ba shi abinci a baki. Wani lokaci yakan yi wata magana da bakin nan nasa da ya karkace, yana nuna bango da ido, sai in ce, yi haƙuri, kwanta ka huta. Daga baya ciwo ya fito masa ta baya, ya huda, muka ce cutar ce ke neman hanyar fita. A kan katifar ya rasu. Har yau in ana maganar jinya a unguwarmu, da ni ake misali.

Rana ta goma aka zare wa Dogo robar da ke maƙogwaronsa. Ya buɗe ido, ya gane ni, ya ce "Inna" da wata murya a dishe. Na gode wa Allah har na rasa kalma.

Washegari na zo da wuri, ƙarfe huɗu bai cika ba, na tsaya a bakin ƙofa na leƙa ta gilashi. Me zan gani? Dogo a zaune a bakin gado, ƙafafu na lilo, kai na rinjayarsa, zufa na zuba a cikin sanyin nan. Wani ƙato na tallafe da shi ta baya, Sista na riƙe da robobin ƙarin ruwa. A gabansa kuma wata 'yar ficiciyar mace, wadda ko benci ta hau ba za ta kai ƙirjinsa ba, ta ɗaura masa wata faffaɗar ɗamara a kugu ta riƙe. Allon sai ƙara yake da sauri-sauri. Aka ce min ita ce mai gashin ƙashi. Ni dai Mai Ɗamara na sa mata.

Na jira suka kwantar da shi, suka jera filalan nan nasu, suka koma kan wani gadon. Na shiga. Na sa hannu na zare filon da ke bayansa, ya koma rigingine, na ja masa bargo har wuya.

"Ka ji ni da kyau," na ce masa a kunne. "Ban yarda ka sake tashi ba. Ko wa ya zo. Ka kwanta da bayanka ka huta har ƙarfinka ya dawo. Ka ji ko?"

"Na ji, Inna."

Dogo bai taɓa tsallake maganata ba. Ga furfura a gemu, ga mutum goma suna aiki a ƙarƙashinsa, amma in na ce zauna, ko a kan ƙusa ne zai zauna.

Kwana uku ana haka. Kullum na shiga in zare filon in tura shi ƙarshen gado. Rana ta biyu Sista ta zo wucewa, ta ɗauke shi, ta ce, "Ikon Allah, filon nan ƙafa gare shi?" Na ɗaga kai ina kallon allo kamar na iya karatu.

Rana ta uku na fito na tarar da matar Dogo a kan bencin baranda, ba ta ko sa rigar shiga ba.

"Ba za ki shiga ba? Lokacinki na tafiya."

"Inna, mai gashin ƙashi na son ganinki gobe ƙarfe goma na safe."

"Ni? Ƙashina lafiyarsa lau."

"A kan ɗanki ne." Kanta na ƙasa.

"Ke kika kai ƙarata?"

"Shi ya faɗa min, Inna. Sun ce in sun zo tayar da shi sai ya ƙanƙame ƙarfen gado ya rufe ido. In sun juya shi gefe, suna ba da baya sai ya zame ya koma rigingine. Na tambaye shi dalili, ya ce Inna ta hana."

"Shi ne kika kwashe kika kai musu."

"Tun jiya nake neman yadda zan faɗa miki, ban samu ba." Ta ɗago. "Yara biyar ne, Inna. Da ƙafa yake ciyar da su."

Shekara goma sha tara yarinyar nan tana gidana, ba ta taɓa mayar min da magana ba. Na ajiye wannan ma.

Da safe na je, a shirye nake da su. Mai Ɗamara ta tare ni a ƙofa, ta rusuna ta gaishe ni, ta karɓi jakata, ta taya ni ɗaura rigar. Na so a ce ba ta da ladabi, da abin ya fi min sauƙi.

"Mama, ba faɗa na kira ki ba. Abu nake so ki taɓa da hannunki."

Ta nemi izinin Dogo, ta yaye bargon daga ƙafa zuwa cinya.

"Kama nan, ki zagaya da hannu biyu."

Na kama. Cinyar da ke hawa tsani da katako a kafaɗa, saura kaɗan yatsuna su haɗu a kanta. Naman ya saki kamar na tsohuwa irina.

"Ciwo ne ya cinye shi," na ce.

"Ciwo ya ci nasa, gado na cin nasa. Ciwon muna korarsa. Gadon kuwa kullum sai ya ɗiba. Akwai waɗanda ke fita daga ɗakin nan ƙirji ya warke, ƙafa ta tafi. Wata shida, shekara, suna koyon tafiya. Wasu ba sa komawa aikinsu. Kuma majinar da ke ƙirjinsa, in yana kwance zama take yi, in ya zauna ya yi tari sai ta fito."

"'Yata, da idona na ga yana zufa, allon nan na ihu."

"Mu ma mun gani, Mama. Shi ya sa mu uku ne. Ɗaya na kallonsa, ɗaya na kallon allo. In abin ya wuce iyaka, mu kwantar da shi nan take. Ranar minti huɗu ya yi. Da an ci gaba, da yanzu ya kai kujera."

Muna cikin haka sai Sista ta zo da ƙaton nan, lokacin juyi ya yi. Suka lanƙwasa masa gwiwa, suka ƙirga uku, suka mirgina shi gefe. Rigar asibitin ta buɗe ta baya.

A ƙasan gadon bayansa, daidai inda ƙashi ya taso, akwai wani ja, faɗin murfin kofi. Sista ta danna da yatsa, ta ɗaga, jan bai gushe ba.

Na san jan nan. Da shi na babansu ya fara, a daidai wurin.

"Sista, wannan na ciwo ne?"

"Na kwanciya ne, Mama. In nauyin mutum ya daɗe a wuri ɗaya, jini ba ya zuwa. Amma fata ba ta fashe ba, mun tare shi da wuri."

"In aka bar shi fa?"

"Sai ya huda. Ya yi rami. Wani har ƙashi."

"Ko da katifar mai laushi ce?"

"Ko ta auduga ce zalla, in dai ba a juya mutum."

"Ko ana goge shi kullum, ana shafa masa mai?"

Ta kalle ni ta saman tabarau. Ta gane ba a kan Dogo nake tambaya ba. Ta sauke murya ta ce, "Mama, mu ma koya mana aka yi. Ba da shi aka haife mu ba."

Na ce a ba ni kujera. Na zauna. Allunan nan shida na ta ƙara, kowane da nasa lissafin. Ashe bangon da maigidana yake nuna min da ido, juya shi yake so a yi ya kalla. Wata bakwai. Ni kuwa ina cewa kwanta ka huta. Duk wanda ya taɓa yi min abu a duniya na san yadda zan mayar masa, wannan ne kaɗai ban ga ta inda zan biya ba.

Na goge fuska da gefen rigarsu, na ja kujerar zuwa inda Dogo ke kallo.

"Maganar da na yi maka ranar nan, na janye."

"Inna, ke kika ce in kwanta."

"Ni na ce, ni na janye. Za ka tashi."

Hannunsa ya lallaɓa ya kama ƙarfen gadon. "Jiri nake gani, Inna. In na zauna sai in ga ƙasa ta yi nisa."

Ka ji mutumin da ke tafiya a kan rufin bene yana waya. Nan na gane ba biyayya ce kaɗai ta kwantar da shi ba. Tsoro yake ji, ya samu maganata ya fake a bayanta. Ni na ba shi mafakar, dole ni zan rushe ta.

"Dogo, ka san wata nawa ka yi kafin ka yi tafiya?"

"Inna, a gaban mutane?"

"Wata ashirin da biyu. Sa'o'inka na gudu, kai kana bayana, ƙafafun nan naka na dukan bayan gwiwata. Da kai nake wanki, da kai nake zuwa kasuwa. Har yau in na sunkuya sai kugun nan ya gaishe ka. Na taɓa cewa ka biya ni?"

"A'a."

"To yau na zo karɓa. Ba duka ba. Taku uku."

Ƙaton nan ya juya baya yana dariya. Mai Ɗamara ta ce, "Mama, yau zama kawai. Taku sai nan da kwana uku ko huɗu, in jiki ya yarda."

"Ke ba a ciniki da ke?"

"Ba ragi, Mama."

"To shi ke nan. Ina nan, ba inda za ni, kuma ba na mantuwa."

Dogo ya saki ƙarfen.

Suna da tsarinsu, ashe ba fizgar mutum suke yi ba. Sai da Sista ta duba allo, ta gwada jininsa, ta tattara robobin a hannu ɗaya. Aka ɗaga kan gadon a hankali, aka jira. Aka sauke ƙafafunsa ɗaya bayan ɗaya. Mai Ɗamara ta ɗaura masa ɗamarar, ta ce ya dogara da gwiwar hannu ya tura, ƙaton na bayansa bai ɗaga shi ba, tallafe shi kawai ya yi. Aka sauke gadon har tafin ƙafarsa ya taɓa ƙasa.

"Mama, matso nan gabansa. Ke zai kalla, kada ya kalli ƙasa."

Na matsa. Zufa ta keto masa. Allon ya ƙara sauri, zuciyata ta bi shi. Bakina ya buɗe zai ce a kwantar da shi, na kama shi na rufe.

"Kalle ni," na ce. "Me ka gani?"

"Kin tsufa, Inna."

"Kai ka tsofar da ni. Ɗaga kai."

Ya yi tari mai ƙarfi, abin ya fito, Sista ta tare da takarda ta ce madalla, kamar ya yi mata kyauta. Minti shida ya yi.

Da na fito matarsa na kan benci, tun safe ashe tana nan. Ta miƙe tsaye, ta kasa kallona.

"Ya zauna," na ce. "Kin ci abinci?"

"A'a, Inna."

"To mu je ki ci. In kin faɗi ba ni da ɗamarar ɗaga ki."

Washegari ya zauna a kujera rabin awa, ya sha shayi da hannunsa, rabi a baki rabi a riga. Rana ta uku aka tsayar da shi. Gwiwoyinsa na kaɗawa, Mai Ɗamara ta tokare su da nata, kanta bai wuce cibiyarsa ba, tana cewa, "Miƙe kugu, Malam, tsawon nan ba aro ka yi ba." Ya tsaya har aka ƙirga ashirin. Jan bayansa kuma ya fara dusashewa, kullum sai na ce a nuna min.

Rana ta huɗu aka kawo ƙarfen nan mai ƙafa huɗu da ake dafawa. Na roƙi Sista ta bar mu mu shiga mu biyu, ni da matarsa, sau ɗaya tak. Ta ce doka mutum ɗaya ne. Na ce ai ni rabin mutum ce yanzu. Ta girgiza kai ta miƙo riga ta biyu.

Mai Ɗamara ta nuna min wurin tsayawa, taku uku daga bakin gado. Na kama hannun matar Dogo na tsayar da ita a wurin.

"Inna, ai naki ne."

"Nawa ne, na ba ki. Ke kika tsaya masa lokacin da ni na kwantar da shi. Tsaya nan ki karɓa."

Na koma gefe. Dogo ya dafa ƙarfen, ya miƙe. Ƙaton na biye da shi da kujera a baya. Ya ja ƙafar dama, ba ta ko rabu da ƙasa sosai ba. Ɗaya. Ya huta, ya yi numfashi. Hagu. Biyu. Na ukun ya daɗe, har na ga Sista ta ɗaga ido ga allo. Matarsa ta miƙa hannu. Ya tura ƙarfen, ya taka, ya kama yatsunta. Ƙaton ya tura kujera ya zauna a kai yana haki.

"Na biya, Inna?"

"Ka biya na yau."

Kwana biyu bayan nan aka mayar da shi babban ɗaki. Sai da ya yi wata biyar kafin ya sake taka tsani, kuma ranar ma matakala uku ya hau ya sauko. Amma ya hau.

Ranar takun dai, da aka mayar da shi gado aka mirgina shi gefe, sai Sista ta ɗauko filo ta miƙo min.

"Mama, tunda kin iya zarewa, zo ki koyi sawa."

"Ashe kin sani."

"Tun ranar farko da kika leƙo. Gilashin ƙofar nan ta ciki ma ana gani."

Na karɓa. Ta nuna min yadda ake ninka shi biyu a cusa a bayansa, daga kafaɗa zuwa kugu, a bar ƙasan bayan bai taɓa komai ba. Na sa ɗaya tsakanin gwiwoyi. Na sa na ƙarshe a ƙarƙashin ƙwauri, ya karkace, ta ce in sake. Na sake. Ta ce in zura hannu ƙarƙashin dunduniyarsa in ji.

Na zura. Hannuna ya wuce, bai taɓa komai ba.

"Ƙarfe nawa za a sake juya shi?" na tambaya.

"Sha biyu, Mama."

"Nuna min inda sandar agogon za ta tsaya."

Ta nuna min. Na ja kujera na zauna ina kallonta.